Gadon Labari: Uwa, 'Ya da Neman Asali a Adabin Sinawa Mazauna Amurka

Tsakure

Maƙalar ta nazarci dangantakar uwa da 'yarta a littattafai uku na mata 'yan asalin ƙasar Sin haifaffun Amurka: The Woman Warrior na Maxine Hong Kingston (1976), da The Joy Luck Club na Amy Tan (1989), da Bone na Fae Myenne Ng (1993). An saba fassara saɓanin da ke cikin waɗannan littattafai da cewa karo ne tsakanin al'adar Sin da ta Amurka. Maƙalar ta nuna cewa wannan fassara ta yi kaɗan. Abin da iyaye mata ke miƙa wa 'ya'yansu labarin asara ne da gargaɗi, wanda yaƙi da dokokin shige da fice da wahalar neman abinci suka haifar, kuma 'ya ba ta samun asalinta sai ta saurari labarin, ta auna shi, ta sake faɗarsa da bakinta. An bi hanyar nazarin matani, tare da duba tarihin hijirar Sinawa zuwa Amurka.

Fitilun kalmomi: adabin baƙin haure, Sinawan Amurka, uwa da 'ya, asali, labarin baka.

1.0 Gabatarwa

Tun daga tsakiyar shekarun 1970, jigon uwa da 'ya ya zama fitacce a rubutun matan Sinawa mazauna Amurka. Uwar a ƙasar Sin aka haife ta, can ta girma, can ta sha wahalarta ta farko. 'Yar kuwa a Kalifoniya ta buɗe ido, da Ingilishi ta yi karatu, da shi take mafarki. Suna kwana a rufi ɗaya, suna cin tukunya ɗaya, amma kowacce na ganin ɗayar ba ta san ta ba.

Mai karatu na iya cewa ai wannan tsohon zance ne, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Sai dai saɓanin da ke cikin littattafan nan yana da tushe na musamman, kuma shi maƙalar ke son tonowa. Tambayoyinta biyu ne. Me uwa ke ƙoƙarin damƙa wa 'yarta? Kuma ta wace hanya 'yar ke mayar da abin da aka damƙa mata ya zama nata?

2.0 Tarihin da Ya Haifi Jigon

Sinawa sun fara kwarara zuwa Kalifoniya bayan gano zinariya a 1848, daga baya dubbansu suka yi aikin shimfiɗa layin dogon da ya haɗe gabashin Amurka da yammacinta a 1869. Kusan dukansu maza ne, akasari daga lardin Guangdong. A 1875 majalisar dokokin Amurka ta kafa Dokar Page, wadda ta ba jami'ai ikon hana duk macen Asiya da suka zarga da karuwanci shiga ƙasar, kuma a aikace ta toshe wa matan Sinawa hanya. A 1882 aka biyo da dokar da ta haramta wa lebura Basine shigowa baki ɗaya. Sakamakon haka, a ƙidayar 1890 mazan Sinawa a Amurka sun haura 20 ga kowace mace guda, unguwanninsu suka zama zangon gwauraye.

Girgizar ƙasa da gobarar San Faransisko ta 1906 sun cinye takardun haihuwa, sai wasu suka yi iƙirarin cewa a Amurka aka haife su, suka kuma sayar da guraben 'ya'yan da suka ce sun bari a gida. Wanda ya sayi irin wannan gurbi shi ake kira ɗan takarda: ya haddace tarihin gidan da ba nasa ba, ya amsa tambayoyin jami'ai a tashar shige da fice ta tsibirin Angel, wadda ta yi aiki daga 1910 zuwa 1940, sa'an nan ya rayu da sunan aro har mutuwarsa. Ba a soke dokar hana shigowa ba sai 1943, lokacin da Sin ta zama abokiyar ƙawancen Amurka a yaƙi, kuma ko a lokacin mutum 105 kacal aka yarje wa a shekara. Dokar matan sojoji ta 1945 da ta shige da fice ta 1965 su suka buɗe wa mata ƙofa sosai.

Abu biyu ke fitowa daga wannan tarihi. Na farko, gidan da ke da uwa da 'ya tare sabon abu ne a Unguwar Sinawa, shi ya sa da 'ya'ya matan da aka haifa a shekarun 1940 da 1950 suka kama alƙalami, uwa ce ta fara zuwa bakinsa. An haifi Kingston a Stockton a 1940, Tan kuma a Oakland a 1952. Na biyu, ɓoye sirri ya zama dabarar tsira. Gidan da ke tsoron a kore shi daga ƙasa ba ya sakin baki gaban yara. Shirun da ke cikin littattafan nan, wanda wasu ke ɗauka ɗabi'ar Sinawa ce kurum, wani ɓangarensa doka ce ta koyar da shi.

3.0 Waiwaye a kan Ra'ayoyin Manazarta

A 1989 Marianne Hirsch ta nuna cewa a adabin Turai da Amurka 'ya ce ke riƙe da zaren labari, uwa kuwa magana ake yi a kanta, ba a ba ta baki. Marina Heung ta ɗora a kan wannan a 1993, ta ce littafin Tan ya karya wannan al'ada domin ya bar iyaye mata sun yi magana da kansu. Lisa Lowe, a wata maƙala ta 1991, ta ja kunnen manazarta cewa taƙaita adabin Asiyawan Amurka ga rikicin iyaye da 'ya'ya yana mayar da matsalar al'umma ta zama ta cikin gida, ya rufe bambancin arziki da jinsi da matsayi a gaban doka. A ɗaya gefen, Frank Chin ya zargi Kingston da Tan a 1991 da jirkita tatsuniyoyin Sin domin su burge Turawa, Sau-ling Wong kuma a 1995 ta danganta kasuwar littafin Tan da irin ƙasar Sin ɗin da mai karatu Bature ke marmarin gani. Maƙalar nan ta jingina da gargaɗin Lowe, ba tare da ta kau da kai daga sukan Chin da Wong ba.

4.0 Uwa Mai Gargaɗi: The Woman Warrior

An buga littafin Kingston a matsayin tarihin rayuwa, har ya ci kyautar ƙungiyar masu sharhin littattafai ta Amurka a rukunin rubutun da ba ƙagagge ba, amma ƙage da tatsuniya sun cakuɗe da gaskiya a cikinsa, don haka wasu manazarta ke sa shi a sahun ƙagaggun labarai.

Babin farko shi ne mabuɗi. Da yarinya ta fara jinin al'ada, uwarta Brave Orchid ta keɓe ta, ta ba ta labarin wata gwaggonta da ba a taɓa ambata ba. Mijin gwaggon yana Amurka shekara da shekaru, sai ga ta da ciki. Mutanen ƙauye suka far wa gidan cikin dare, suka yanka dabbobi, suka farfasa tukwane. Ta haihu a garken aladu, da safe aka tsinci gawarta da ta jaririn a rijiyar gidan. Dangi suka hukunta ta da mantuwa, aka shafe sunanta kamar ba a taɓa haihuwarta ba. Uwar ta gargaɗi yarinyar kada ta kuskura ta gaya wa kowa.

Manufar uwar a fili take: hannunka mai sanda ne, kada 'yarta ta jawo wa gida abin kunya. Ta faɗi iya abin da gargaɗin ke buƙata, ta yi shiru. 'Yar ce ta cike giɓin. Ta zauna tana saƙawa da warwarewa: ko fyaɗe aka yi wa gwaggon? Ko so ne ya ɗebe ta? Me ya sa ta tafi da jaririn, ko don mace ce, ta san ba ta da gata? Da ta rubuta wannan saƙe-saƙen, ta saɓa wa umarnin uwarta, kuma ta mayar da wadda aka shafe cikin jerin kakanninta. Uwa ta ba da labari don a ji tsoro, 'ya ta karɓe shi ta yi dangi da shi.

Saƙon uwar ma ba ɗaya ba ne. Bakin da ke maimaita zantukan ƙauye masu ƙasƙantar da 'ya mace, shi ke rera waƙar Fa Mu Lan, budurwar da ta tafi yaƙi a madadin mahaifinta. Ita kanta Brave Orchid ta yi karatun ungozoma a Canton, ta yi aikin likita a ƙauyuka ana girmama ta, amma da ta iso Amurka sai ta ƙare a shagon wanki da guga, da tsufanta ma tana tsinkar tumatir a gonaki. Tsananin da take gwada wa 'yarta ba ya rabuwa da wannan faɗuwar daraja.

Chin ya yi daidai da ya ce Kingston ta sauya tatsuniyar: rubutun da iyaye suka tsaga a bayan jarumar daga labarin Yue Fei aka aro shi, wanda janar ne namiji. Amma littafin bai yi da'awar adana tatsuniya yadda take a Sin ba. Yana nuna yadda ta isa kunnen yarinya a Stockton, rabi a farke rabi cikin barci. A babin ƙarshe mai ba da labarin ta bayyana cewa farkon labarin na uwarta ne, ƙarshensa nata, ta rufe da mawaƙiya Ts'ai Yen, wadda ta yi shekara 12 a hannun maharan da suka sace ta, ta haifi 'ya'yan da ba sa jin harshenta.

5.0 Uwa Mai Baki Biyu: The Joy Luck Club

5.1 Zubi da Tsari

Littafin Tan labarai 16 ne, an kasa su kashi huɗu. Iyaye mata huɗu ne, Suyuan Woo da An-mei Hsu da Lindo Jong da Ying-ying St. Clair, da 'ya'yansu Jing-mei da Rose da Waverly da Lena. Suyuan ta kafa ƙungiyar ƙawaye a Kweilin lokacin yaƙin Japan, ta sake kafa ta a San Faransisko a 1949, inda ake haɗuwa a ci abinci a buga mahjong, wasan da mutum huɗu ke yi a kan teburi. Littafin ya buɗe ne bayan rasuwarta, an kira Jing-mei ta hau kujerarta. Nan ƙawayen suka shaida mata cewa tagwayen da uwarta ta ajiye a bakin hanya lokacin gudun hijira suna raye, suka ba ta cakin dala 1,200 ta je ta gaya musu wace ce mahaifiyarsu. Da ta ce ba ta san abin da za ta faɗa ba, hankalin tsofaffin ya tashi, domin kowacce ta hango 'yarta a cikinta.

Dabarar Tan ita ce ba wa uwa murya biyu. Idan 'ya ce ke ba da labari, uwar na magana da gurgun Ingilishi, ta zama mai mita da camfi, abar jin kunya a gaban baƙi. Idan uwar ta karɓi zaren, sai harshenta ya miƙe, a ga mace mai zurfin tunani. Lindo, wadda Waverly ke yi wa kallon mai katsalandan, ita ce yarinyar da aka ba da ita tun tana shekara biyu, ta tare gidan surukai tana 12, ta kuɓutar da kanta daga auren ta hanyar ƙirƙiro mafarkin da ya tsorata uwar mijinta. An-mei, wadda ke gaya wa Rose ta tsaya ta ƙwaci haƙƙinta a wajen mijinta Ted, ta ga yadda aka tilasta wa mahaifiyarta zama mata ta huɗu a gidan attajiri Wu Tsing, kishiya ta ƙwace mata ɗa, har ta kashe kanta ana saura kwana biyu sabuwar shekara, don tsoron fatalwarta ya sa a daraja 'ya'yanta. Mai karatu ya ji duk wannan, amma sau da yawa 'yar ba ta ji ba. Tazarar da ke tsakanin abin da muka sani da abin da 'ya'yan suka sani ita ce ciwon littafin.

A lura kuma cewa babu uwa ɗaya a cikinsu da ke kiran 'yarta zuwa ga tsohuwar al'ada. Auren dole da zaman ƙwarƙwara da haɗiye baƙin ciki su ne abubuwan da suka gudo wa. Fargabarsu ita ce 'ya'yan, duk da digiri da albashi, suna maimaita rauninsu a sabuwar siga, kamar Lena da mijinta Harold, masu lissafin kuɗin cefane a takardar da suka manna a jikin firiji, alhali shi ne mai kamfanin da take wa aiki, kuma ya fi ta samu nesa ba kusa ba.

5.2 Teburin Abinci

A wurin cin abinci ake ganin wannan rashin fahimta ƙuru-ƙuru. Waverly ta kawo saurayinta Bature, Rich, gidan iyayenta. Lindo ta ajiye girkin da ta fi alfahari da shi tana kushe shi, wai gishiri bai ji ba, kamar yadda mai girki ke yi don a ɗanɗana a ƙaryata ta. Rich ya ɗauki maganar da gaske, ya ce abin mai sauƙin gyara ne, ya kwarara ruwan waken soya a kan girkin, uwar tana kallo. Ya tafi gida yana murna an karɓe shi. Waverly kaɗai ta san girman ɓarnar, domin ita ke jin harsunan biyu.

A liyafar sabuwar shekara kuma, Suyuan ta sayo ƙaguwa 11, ɗaya ta rasa ƙafa. Waverly ta zaɓar wa 'yarta da saurayinta da kanta mafi kyau. Da faranti ya iso gaban Jing-mei saura biyu, ta kai hannu ga mai naƙasar, uwar ta hana ta, ta ɗauka ta kai madafa ba ta ci ba. A teburin nan Waverly ta muzanta aikin Jing-mei, uwar kuma ta yi maganar da ta yi kama da goyon bayan baƙuwa. Sai da aka watse suna madafa su biyu, Suyuan ta nuna mata cewa ta lura ita kaɗai ce za ta zaɓi mara kyau ta bar wa wani mai kyau, ta cire abin wuyanta na koren dutse ta ba ta. Wanda ya tashi a gidan da uwa ke alkunyar ɗan fari ba zai sha wahalar gane wannan ƙauna da ba a furtawa ba. Jing-mei kuwa, da ta tashi inda ake yaba yaro a gaban idonsa, sai bayan rasuwar uwarta ta fara tambayar ma'anar kyautar.

Raunin littafin yana ƙarshensa. Da jirgin ƙasa ya tsallaka daga Hong Kong zuwa Shenzhen, Jing-mei ta ji jinin Sinawa na motsi a jikinta, a Shanghai kuma hoto ya nuna kamannin uwa a fuskokin 'ya'yanta uku. Wannan ya mayar da asali batun jini, alhali shafukan da suka gabata sun nuna aiki ne. Mataki na gaskiya ya riga ya faru a ɗakin otal, lokacin da ta roƙi mahaifinta ya ba ta labarin gudun uwarta da Sinanci.

6.0 Uwa a Bakin Keken Ɗinki: Bone

Littafin Ng ya sauke jigon daga tatsuniya zuwa titi. Babu jaruma mai takobi, babu gidan attajiri. Leila ce babba a 'yan mata uku. Mahaifinta ya gudu ya bar su, uwarta Mah ta auri Leon Leong don ta sami takardar izinin zama, ta yi shekaru tana ɗinki a masana'anta, tana kwasowa gida tana yi har dare. Leon ɗan takarda ne, ma'aikacin jirgin ruwa. Ya ɗauki alƙawarin mayar da ƙasusuwan uban aronsa ƙasar Sin, bai cika ba, ya kuma yi imani wannan ne ya jawo wa gidan masifa. Ona, ta tsakiya, ta faɗo daga benen gidajen gwamnati na Unguwar Sinawa ta mutu, bayan shagon wankin da Leon ya yi haɗin gwiwa a kai ya rushe, ya hana ta ɗan abokin cinikin da take so. Nina, autar, ta tsere zuwa New York.

Labarin da baya da baya yake tafiya, kowane babi na komawa gabanin wanda ya wuce, kamar yadda mai makoki ke neman inda abu ya fara lalacewa. Leila ita ce tafintar gidan tun tana ƙarama, har ya zama sana'arta a makarantar da take shiga tsakanin malamai da iyayen yara. Ita ta kai wa iyayenta labarin mutuwar Ona, ita ke tausasa magana kafin ta isa kunnen Mah, ita ta buɗe akwatin takardun Leon ta tarar da tarin wasiƙun da aka ƙi shi da su. Abin da ke ɗaure ta da uwarta bashi ne: ta ga yadda ɗinki ya cinye ƙuruciyar Mah, tana jin barin gida cin amana ne. Da ta tashi tafiya, ba teku ta ƙetare ba, wata unguwa ta koma a cikin San Faransisko. Wannan littafi shi ya fi tabbatar da maganar Lowe, domin a cikinsa ba za a iya raba rikicin uwa da 'ya da kuɗin haya da takardar zama ba.

7.0 Sakamakon Nazari

Nazarin ya gano abubuwa uku. Na ɗaya, gadon da uwa ke bari a littattafan nan labari ne, kuma labarin gutsure yake zuwa, domin kunya da tsoron hukuma da bambancin harshe sun datse shi. Na biyu, uwar ba wakiliyar al'adar Sin ba ce kawai. Ita ma ta yi tawaye, ta bar wasu al'adu da gangan, kuma hijira ta rage mata daraja. Na uku, marubutan sun bambanta a kan inda 'ya ke samun asalinta: Kingston ta sa shi a sake faɗar labari, Tan ta karkata ga jini da komawa tushe, Ng kuma ta tsayar da shi a kan tunawa da wahalar iyaye ba tare da an nutse a cikinta ba.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi jigon uwa da 'ya a littattafai uku da aka buga tsakanin 1976 da 1993, ta nuna cewa kallonsa a matsayin karon al'adu biyu yana ɓoye hannun tarihi da doka da talauci. Duka ukun sun fito ne daga Kalifoniya, daga iyalan da suka yi hijira kafin 1965. Waɗanda suka iso bayan nan labarinsu daban ne: Girl in Translation na Jean Kwok (2010) ya bi uwa da 'ya daga Hong Kong zuwa masana'antar ɗinki a New York, a Everything I Never Told You na Celeste Ng (2014) kuwa uwar Baturiya ce, uban ne Basine. Kwatanta waɗannan da na farkon zai nuna ko jigon na nan da ƙarfinsa bayan sharuɗɗan da suka haife shi sun sauya. Haka kuma matsayin uba, wanda ke gefe a wurin Tan amma ya shigo tsakiya a wurin Fae Myenne Ng, ya cancanci nazari na kansa.